Kwana Uku A Ɗakin Haya: Hutu Ne Ko Wasa Da Talauci?

Abuja ba ta da teku. Mazaunin birnin da yake marmarin zama a bakin ruwa yakan je Tafkin Jabi da yamma, ya sha iska, ya koma gida kafin dare ya yi. Wanda kuwa yake so ya kwana kusa da ruwa, nesa da ƙarar motoci, sai ya yi shirin doguwar tafiya. Da yawa sukan bi ta Keffi da Akwanga, su haura Jos, su gangara Bauchi, su kama hanyar Gombe har Dindima, inda ake ratsewa zuwa Gandun Dajin Yankari. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, a 2006 kuma ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa ne sansanin Wikki yake, inda aka gina ɗakunan haya domin baƙi. A gangaren sansanin kuma ga marmaron Wikki, wanda ɗumin ruwansa yake tsayawa wajen digiri 31, rani da damina.

Ɗakunan nan hawa-hawa ne. Akwai masu tsada, akwai kuma masu sauƙi, waɗanda abin da baƙo zai samu a ciki bai wuce wurin kwana da wurin wanka ba. Birai suna yawo a tsakar sansanin, tun ranar fari kuwa baƙo yakan koyi rufe ƙofa da ɓoye abinci. Duk da haka akan ga magidanci daga Maitama ko Gwarinpa, mai gida ɗaki biyar, ya yini a kan hanya, ya biya kuɗi, ya shigar da iyalinsa ɗaki ɗaya wanda bai kai falonsa girma ba. Bayan kwana uku ya dawo yana cewa ya daɗe bai yi barci mai daɗi kamar wannan ba.

A nan tambaya take. Mai gadin wannan magidanci yana kwana a ɗakin da bai kai wannan ba, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kiran zamansa hutu. Ashe, daidai ne mai hali ya sayi ɗanɗanon ƙaramin ɗaki da kuɗinsa, alhali kuwa na kusa da shi yana cikin ƙaramin ɗaki a kan tilas?

Zargin yana da ƙarfi

Bai kamata a yi saurin kawar da wannan zargi ba, musamman a Abuja. Tun da aka mayar da mazaunin gwamnati birnin a watan Disamba na 1991, kuɗin haya yake kora ƙananan ma'aikata zuwa gefe. Akan nemi hayar shekara guda, wani lokaci har biyu, kafin a ba da mabuɗi. Saboda haka dubban masu yi wa birnin aiki suna kwana a Nyanya, da Mararaba ta Jihar Nasarawa, da Suleja ta Jihar Neja, su tashi tun da asuba domin su isa ofis. Tsakanin 2003 da 2007 an rushe gine-gine da unguwanni masu yawa bisa ga dalilin cewa sun saɓa wa tsarin birnin, iyalai da yawa kuma suka rasa wurin sa haƙarƙari. Kafin wannan duka akwai Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, waɗanda aka tashe su daga ƙauyukansu domin a gina birnin.

Ga irin waɗannan mutane, ɗaki ɗaya da fanka ba abin sha'awa ba ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙon kwana uku bai san yoyon ba, gama bai yi damina a ciki ba. Mabuɗin gidansa na Abuja yana aljihunsa, motarsa tana ƙofa, ya kuma san ranar komawarsa. Abin da yake sa talauci ɗaci ba ƙanƙantar ɗaki kaɗai ba ne, rashin mafita ne. Wanda yake da mafita, ko da ya kwana a kan tabarma, bai ɗanɗana talauci ba. In ya dawo yana cewa, “Ai talakawa sun fi kowa kwanciyar rai,” to, ya ƙara wa jahilcinsa ƙarfi ne, ya kuma sami hujjar ƙin taimako.

An yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry David Thoreau irin wannan zargi. A 1845 ya gina wa kansa bukkar katako a bakin Tafkin Walden, ya zauna a ciki shekara biyu da wata biyu, domin ya gwada ko nawa ne mutum yake bukata ya rayu. Masu sukarsa sun lura cewa filin na abokinsa ne, garinsu Concord kuma yana kusa, har yakan taka da ƙafa ya je wurin danginsa. Gaskiya suka faɗa. Amma shi ma bai ce ya zama matalauci ba. Gwaji ya ce yana yi, gwajin kuwa ya nuna masa cewa yawancin wahalar da mutane suke sha, suna shanta ne domin abubuwan da za su iya rayuwa ba tare da su ba.

Abin da ƙaramin ɗaki yake koyarwa

Wannan shi ne amfanin farko. Mutumin da ya saba da wadata a hankali yakan kasa rarrabe bukata da sabo. Yakan ɗauka ba zai iya barci ba sai da na'urar sanyaya ɗaki, 'ya'yansa kuma ba za su iya yini ba sai da talabijin. Daga nan tsoro yake shiga, tsoron rasa matsayi, tsoron komawa baya. Wannan tsoro ba ƙaramin abu ba ne a birnin ma'aikatan gwamnati, gama shi ne yake sa hannun mai riƙon amana ya yi rawa sa'ad da aka miƙo masa abin da bai halatta ba. Wanda ya gaskata cewa rayuwarsa za ta rushe in ya rasa babban gida, da wuya ya ce a'a. Wanda kuwa jikinsa ya shaida masa cewa ya kwana a ɗaki ɗaya, ya ci abinci mai sauƙi, ya tashi lafiya, ya sami 'yanci kaɗan. Jiki magayi ne.

Amfani na biyu na iyali ne. A babban gida kowa yana da ɗakinsa, da ƙofarsa, da wayarsa. Uba da ɗa suna iya yin mako guda ba su yi zancen kirki ba. Ƙaramin ɗaki ba ya barin wannan. Dole a jira juna a ƙofar wanka, a raba bargo, a saurari juna da dare. Akan gano haƙurin da ya rage a gidan, da wanda ya ƙare.

Tsohon misali

Wannan darasi ba sabo ba ne. Littafin Firistoci sura 23 ya umarci Isra'ilawa su bar gidajensu kowace shekara, bayan an tattara amfanin gona, su zauna kwana bakwai a bukkoki, domin su tuna cewa a bukkoki kakanninsu suka zauna sa'ad da suka fito daga Masar. Shi ne Idin Bukkoki, Yahudawa kuma suna kiyaye shi har wa yau. Lokacin da aka zaɓa abin lura ne: sa'ad da rumbu ya cika, wato daidai lokacin da mutum ya fi saurin mantuwa. Maimaitawar Shari'a sura 16 kuma ta nuna cewa murnar idin ba ta mai gida da 'ya'yansa kaɗai ba ce. An sa barorin gida a ciki, da baƙi, da marayu, da matan da mazansu suka mutu. Ba a ce mai wadata ya yi kamar shi matalauci ne ba. An ce ya tuna, ya kuma buɗe hannu.

Bayan an dawo

Saboda haka amsar tambayar ba a Yankari take ba, a ƙofar gidan Abuja take. Ba laifi ba ne mutum ya huta, ba kuma laifi ba ne ya zaɓi masauki mai sauƙi. Kuɗin da ya biya ma yana taimakon ma'aikatan wurin da kiyaye dajin da giwayensa. Amma ana gane itace ta wurin abin da ya haifa. In magidanci ya dawo da hotuna kawai, ya wuce ɗakin mai gadi kamar yadda ya saba, to, nishaɗi ya saya, kada ya kira shi darasi. In kuwa ya tsaya ya leƙa ɗakin, ya duba ko akwai taga da gidan sauro, ko rufin yana yoyo, ya tambayi direbansa ƙarfe nawa yake barin Mararaba, ya biya 'yar aiki albashinta a kan kari, to, kwana ukun nan ba su tafi a banza ba. In shi mai gidajen haya ne, zai sāke tunani kafin ya nemi kuɗin shekara biyu daga hannun malamin makaranta.

Akwai kuma abu na ƙarshe da ɗakin haya yake tuna wa mutum. Wanda ya shiga ya san wani ya kwana a gadon jiya, wani kuma zai kwana gobe. Ba ya kafa ƙusa a bango, ba ya faɗa da maƙwabci a kan iyaka. Yakan share ɗakin, ya mayar da mabuɗi, ya tafi. Baƙo raɓa ne. Gidan Maitama ma, da takardar mallakarsa da katangarsa, wata rana wani ne zai riƙe mabuɗinsa. Wanda ya fahimci wannan zai riƙe abin da yake hannunsa da godiya da wadar zuci, ba zai kuwa manta da maƙwabcinsa wanda har yanzu ba shi da ranar fita daga ƙaramin ɗaki ba.