Aron Baki a Ci Albasa

Hartum da Omdurman birane biyu ne masu duban juna, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa, gama ta ƙasar Sudan mahajjatan dā suke bi da ƙafa, da yawa kuwa suka zauna can, jikokinsu suna nan har yau. A Omdurman ne aka kafa gidan rediyon ƙasar a shekara ta 1940. Tun daga samun 'yancin kai, duk sojan da ya ƙwace mulki yakan yi hanzari ya kama gidan nan, domin jama'a su ji muryarsa su san wanda yake riƙe da ƙasa. Haka Umar al-Bashir ya yi ran 30 ga Yuni, 1989. Shekara 30 mutanen Sudan suna jin muryar nan, har aka tuɓe shi a watan Afrilu na 2019. Ko yaro ya san ta.

Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojojin ƙasa na Janar Burhan da rundunar RSF ta Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti. Gidan rediyo ya faɗa hannun RSF. Wayar hannu ta zama rediyon kowa. Ta wurinta ake jin wace gada ce a buɗe, wace unguwa ce ake harbi, ina za a sami ruwa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, a kwanakin nan kuwa maganar ta wuce karin magana.

Ba wanda ya ga al-Bashir a fili tun da aka fara yaƙin. Sojoji sun ce yana wani asibitinsu a Omdurman. Sai ga shi a ƙarshen watan Agusta wani shafi a TikTok, mai kiran kansa muryar Sudan, ya fara fitar da maganganu da muryar tsohon shugaban, wai an ɗauke su ne a ɓoye. Aka saurare su sau dubban ɗaruruwa. A watan Oktoba masu bincike na BBC suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu maganar wani mai sharhi kan siyasa ce, wadda ya yi a Facebook kwana biyu kafin nan. Kalmomin ɗaya ne, inda ya dakata nan ma aka dakata, murya kaɗai aka sāke. Ba a sami shaidar cewa mai sharhin yana da hannu a ciki ba. Watau an yi wa mutum biyu sata a lokaci guda: an ɗauki maganar wannan, an ɗauki muryar wancan.

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira shi ya yi aikin. Akan ba kwamfuta maganganun mutum ta saurara, ta koyi kaurin muryarsa da yadda yake jan harafi, sa'an nan ta tufasar da maganar wani da wannan murya. Dā sai gwani mai kayan aiki masu tsada. Yanzu saurayi mai kwamfuta da intanet ya isa. Irin dabarar nan ce kuma take karanta wa makaho wasiƙa da ƙarfi, take juya Larabci zuwa Hausa ga wanda bai iya ba (Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013), take rubuta wa ɗan gudun hijira takardar neman taimako da harshen da bai taɓa koya ba. Saboda haka zagin na'ura ɓata baki ne. Ba ta da lamiri, ba ta san al-Bashir ba, ba ta san ana yaƙi ba.

Masu karanta Littafin Farawa za su tuna da Ishaku a sura ta 27. Ya tsufa, idonsa ya dushe. Yakubu ya sa tufafin wansa, ya rufe hannuwansa da fatar 'yan awaki. Ya iya aron tufafi, ya iya aron gashi, har da ƙanshin jeji, amma murya ta gagare shi, ita ce kuwa ta sa tsohon ya yi shakka. Kunnensa ya faɗa masa gaskiya, hannunsa ya ruɗe shi. Abin da ya gagari Yakubu shi ne na'ura ta iya yanzu. Uwa takan san muryar ɗanta cikin duhu, a kan wannan sani kuwa aka gina amana mai yawa tsakanin mutane, musamman inda ba kowa ne ya iya karatu ba, inda saƙon murya ya maye gurbin wasiƙa.

Laifin wanda ya ƙaga muryar a fili yake. Mai yiwuwa ya ce al-Bashir azzalumi ne, bai cancanci a tsare masa suna ba, ko kuwa ya ce ai abin da ke zuciyarsa ke nan, an dai taimake shi faɗa. Amma dokar da ta hana shaidar zur ba ta ware mugun maƙwabci ba. Banda haka, ba al-Bashir ne ya fi cutuwa ba. Matar da take zaune a Omdurman tana auna ko ta kwashi 'ya'yanta ta gudu ko ta ƙara kwana, ita aka zuba wa ƙasa a cikin garin tuwo.

Wanda ya tura wa wani fa? Yakan ce, ni ban ƙaga ba, yadda na samu haka na aika. Nan ne maganar take da nauyi, gama mai ƙagawa ɗaya ne, masu turawa dubbai. Sa'ad da saƙo ya zo daga wurin kawu, ko dattijon ikkilisiya, ko malamin makaranta, mai karɓa ba TikTok yake gaskatawa ba, kawunsa yake gaskatawa. Mai turawa ya ɗora sunansa a kan abin, ya zama mashaidi ko bai yi niyya ba. Akwai dai uzuri na gaske: a lokacin yaƙi ba a da sukunin bincike, wanda ya tsaya tantance gargaɗi yana iya barin maƙwabcinsa ya shiga wuta. Wannan gaskiya ne game da gargaɗi. Kuskuren da aka yi wajen cewa kada a bi wata hanya, asararsa zagaye ne kawai. Amma maganar da take cewa ga abin da wane ya faɗa, ko ga abin da kabila kaza take shiryawa, ba ta ceton kowa in an gaggauta ta, tana iya sa a kashe wani. Wannan tana iya jira har gobe.

Ɓarnar kuma tana da fuska ta biyu, wadda ta fi ta fari wuyar magani. A cikin 2023 jita-jita ta bazu cewa Hemeti ya mutu, saƙonnin murya da ake fitarwa da sunansa kuwa aikin na'ura ne. Ya bayyana a bidiyo tare da mayaƙansa a ƙarshen watan Yuli. A ƙarshen Disamba ya ziyarci Yuganda da Habasha, aka ɗauki hotonsa tare da shugabanninsu. Ashe yana da rai, amma watanni aka yi ana gardama. To, janar yana da jirgin sama da zai hau ya nuna kansa. Talakan da aka ƙone wa gida, wanda ba shi da shaida sai abin da ya ɗauka da wayarsa, me zai hau? Tun da kowa ya san ana iya ƙaga murya, kowane mai laifi ya sami mafita: sai ya ce na'ura ce. Mutumin da ya ce shi yanzu ba ya gaskata kome yana tsammani wayo ya yi, alhali kuwa ya toshe kunne ga mai kuka na gaskiya, ya kuma sauƙaƙa wa azzalumi aikinsa.

Tsakanin saurin gaskatawa da ƙin gaskatawa akwai aiki mai gajiyarwa, watau tambaya. Wa ya fara fitar da wannan? Yaushe? Akwai wanda ya gani da ido? 'Yan Sudan da kansu suna da masu wannan aiki, kamar ƙungiyar Beam Reports, wadda take bin labarai tana tantance su. Sai dai bincike yakan ci kwanaki, turawa kuwa danna yatsa ne.

TikTok ya rufe shafin nan bayan binciken BBC. Sojoji sun karɓe gidan rediyon Omdurman a watan Maris na 2024, suka karɓe fadar shugaban ƙasa a Hartum a watan Maris na 2025. Rufe shafi ba ya share abin da mutane suka riga suka ajiye a wayoyinsu, fiye da mutum miliyan 10 kuwa yaƙin ya raba da gidajensu, waɗansunsu sun watsu da wayoyin nan zuwa Cadi, da Masar, da Sudan ta Kudu.