Haƙƙin Wanda Ba Ya Roƙo

Duk wadda ta tambaye ni abin da za ta shuka a tsakar gida alhali ba ta da lokaci, lalle nake ce mata. Ki yanko reshe mai kaurin yatsa, ki soke shi a ƙasa idan damina ta kankama, a inda rana ke duka sosai, ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ranin farko kaɗai zai buƙaci ban ruwa, ko ragowar na alwala ya ishe shi. Da zarar saiwa ta kama, shekara da shekaru zai yi ta fitar da ƙananan furanni farare a dunƙule, masu ƙamshin da ke cika gida bayan magariba.

Sai dai wannan sauƙin nasa shi ke sa ni tunani. Tumatir ya kwana biyu ba ruwa ya langaɓe, kowa ya gani, a ruga da bokiti. Lalle kuwa shiru zai yi. Wanda aka yi watsi da shi ba ya saurin mutuwa. Ganyen ne ke ƙanƙancewa, bakin rassan ya zama ƙaya, gara ta shiga gindin da rani tana ci a ɓoye. Mai gida na wucewa kullum yana cewa ai lalle ba ya son komai. Yana so. Yana son a datse masa tsofaffin rassa ya yi sabon toho, a zuba masa ɗan kashin awaki kafin ruwa ya sauka, a tona gindin a duba.

To, wanda bai roƙa ba, yana da haƙƙi a kanmu? Ni dai na tsaya a kan yana da shi, har ma nasa ya fi nauyi. A Suratul Baƙara, aya ta 273, an yi maganar mabuƙatan da wanda bai san halinsu ba ke zaton mawadata ne saboda kamun kai, aka kuma nuna da alama ake gane su. Ke nan an ɗora mana aikin lura. Mai bara ya sauƙaƙa maka, ya zo har ƙofa. Wancan kuwa sai ka je, ka zauna, ka kula cewa an yi la'asar ba a hura wuta a gidan ba, ko kwanukan jere na uwargida sun ragu.

Wani zai ce wannan leƙen asiri ne, kuma addini ya hana bin diddigin mutane. Gaskiya ne, akwai iyaka, kuma ban ce a titsiye kowa da tambaya ba. Amma zumunci ya isa ya nuna maka abin da baki ba zai faɗa ba. Akwai wata gwaggona da ba ta taɓa cewa babu. In ka gaishe ta, “Alhamdu lillahi” za ta ce, ta kawo maka ruwa a kwano mai murfi. Idan zan kai mata hatsi, da dare nake aika yaro, in ce na sabon girbi ne ta ɗanɗana.