Kusurwa Huɗu, Alƙibla Ɗaya

Bahaushe in yana son ya ce wane ba ya salla, ba sai ya ambaci salla ba. Cewa zai yi, "Ai wane ba ya kallon gabas." A da kuwa in aka ce tsoho ya yi gabas, an san Makka ya nufa, a ƙafa ko a kan jaki, ko ya dawo bayan shekaru ko kuma sai a Lahira. Kalmar ta shige mana jiki har mun daina rarrabe gabas da alƙibla. Wannan rashin rarrabewa ne yake neman haɗa mu rigima a unguwar nan tun da wayoyi masu nuna alƙibla suka shiga aljihun yaranmu. Yaro ya ɗora waya a kan tabarma ya ce sahu a karkace yake, dattijo ya ce a haka ubansa ya yi salla har ya koma ga Allah. Kafin a kai ga ɗaga murya, ya kamata mu san daga ina girman gabas ya zo mana.

Ba da Musulunci kaɗai ya zo ba. Kakanninmu tun suna kan al'adar gargajiya sun ɗauki duniya a matsayin fili mai kusurwa huɗu, mutum yana tsaye a tsakiya. Gabas ce gabansa, kunne ma yana jin "gaba" a cikin kalmar. Yamma ce bayansa, kuma da sunanta muke kiran lokacin da rana ta tafi faɗuwa. Kudu na damansa, arewa na hagunsa. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya zauna da Arnan ƙasar Maraɗi ya yi rubutu a kan wannan a 1966. A abin da ya tarar, gabas da kudu ɓangaren maza ne, yamma da arewa na mata, kuma in za a kafa gari ko a share gona ana la'akari da kusurwoyin nan huɗu da tsakiyarsu, har da yanka da binne magani. Ɓurɓushin abin bai ƙare ba. Har gobe akwai mai gina shago ya binne laya a kusurwa huɗu, akwai ɗan kasuwar da mai duba zai ce masa kada ya nufi yamma ranar kaza, ya zauna a gida kayansa na lalacewa.

Ni ban ga laifin kakanni ba a kan lura da suka yi. Manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa da ƙurarsa. Shi ya sa magina na da suke juya wa gabas baya, ƙofar zaure ta kalli yamma, don kada ruwa ya ci katanga ya shiga ɗaki. Wannan ilmi ne. Inda aka kauce shi ne da aka ɗauka kusurwar kanta tana da iko, tana bayarwa tana hanawa, har sai an ba ta jini kafin ta bar mutum lafiya.

Musulunci da ya zo bai soke kusurwoyin ba, iko ya ƙwace musu. Dubi yadda aka yi da alƙibla ita kanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wata goma sha shida ko sha bakwai a Madina yana fuskantar Baitul Muƙaddas, wato arewa, sannan aka juyar da shi zuwa Ka'aba, wato kudu. Da a ce albarka a jikin kusurwa take, da ba a canza ba. A cikin Suratul Baƙara aya ta 115 an sanar da mu cewa mafitar rana da mafaɗarta duk mallakar Allah ne, a aya ta 177 kuma aka nuna cewa nagarta ba a juya fuska nan ko can take ba, tana cikin imani da ciyar da dangi da marayu da matafiya, da cika alkawari, da haƙuri. Mu 'yan kasuwa, wannan ta cika alkawari da mu take.

Ga wani abin da ke ba ɗalibai mamaki in muna karatu bayan Magariba. A hadisin Abu Ayyub al-Ansari an hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya wajen biyan bukata, aka umarci mutane su juya gabas ko yamma. To ka ji fa! Wanda ya ɗauki lafazin ya yi aiki da shi a Hardawa, ya aikata ainihin abin da aka hana, domin da mutanen Madina ake magana, su da Makka ke kudu da su. Mu namu kudu ne ko arewa. Alhazanmu sun gani da idonsu: a Madina kudu suka kalla, a Harami kuwa sahu zagaye yake, wani na kallon yamma wani na kallon arewa, liman ɗaya suke bi. Musulmin Indunusiya yamma yake kallo, sallarsa ba ta fi tamu ba, ba ta gaza ba.

Ƙasar nan tamu ta san abin da son gabas ya ci. A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura hijira zuwa gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har da Sarkin Misau Ahmadu. A Burmi aka kashe Attahiru a watan Yuli na shekarar. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, jikokinsu na nan a Mai Wurno. Mutanen nan ba mafitar rana suke bauta wa ba. Addininsu suke gudu da shi zuwa inda Ɗakin Allah yake. Ina ganin mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Haɗeja suka zauna nan don neman halal, mun fi kowa cancantar mu gane cewa inda mutum ya sa gaba, niyyarsa ce ke ba shi daraja.

Yanzu maganar waya. Yaran suna da gaskiya a lissafi. Daga wajejen Azare da Katagum, Makka ba ta gabas sak, ta karkata arewa da kusan digiri 23. Wato in ka fuskanci inda rana ke fitowa a tsakiyar Maris, sai ka ɗan juya hagu. Tsofaffin masallatai da yawa da rana aka auna su, rana kuwa mafitarta tana matsawa, da damina ta yi arewa, da hunturu ta yi kudu. Sai dai lissafi daban, hukunci daban. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda yake nesa da Makka nahiyar aka ɗora masa ya nema iyakar ƙoƙarinsa, ba ginin Ka'aba kansa ba, kuma ƙaramar karkata ba ta sa a sake salla. Don haka yaron da ya ce sallar kakansa ta shekara hamsin ta tashi a banza, ya faɗi abin da ba shi da ilmi a kai, ya kuma ci zarafin mamaci. Dattijon da aka nuna masa daidai ya ce shi ba zai matsa ba don kada a ce yaro ya gyara masa, shi ma ya binciki zuciyarsa, Ka'aba yake karewa ko girman kansa.

Shawarata ga kwamitin masallaci, kada a rushe komai. A samo masu ilmin abin mutum biyu ko uku su auna, ba da waya ɗaya ba, don ƙarfen rufi da lasifika suna ruɗa ta. In karkatar ta tabbata, a ja layi a ƙasa a gyara shimfiɗa, liman ya yi bayani ranar Juma'a da harshe mai taushi. Maƙabarta kuwa a bar ta yadda take. An kwantar da iyayenmu a kan damansu, kai a kudu, fuska a gabas, bisa iyakar sanin waɗanda suka haƙa. Sababbin kaburbura sai masu haƙa su riƙa ɗan karkatar da su, a kafa musu turaku biyu a bakin maƙabarta da za su riƙa dubawa.