Ƙaramar Lasifika da Haƙƙin Maƙwabci

A shekarar 1954 wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya ƙago dabarar toshe akwatin lasifika ruf, har ƙaramin akwati ya iya fitar da amo mai kauri. To, irin wannan amo shi ya fi ratsa bango. Lalle maigida ya sayi na'urarsa da halalinsa, amma shin ya haɗa da barcin maƙwabcinsa? Sam. Ikon mutum iyakarsa katangarsa, sauti kuwa bai san katanga ba. Aya ta 19 cikin Suratu Luƙman ta yi horo da sassauta murya, kuma ƙure lasifika ɗaga murya ne. Majinyaci da jaririn da ke bayan bango suna da haƙƙi, ko ba su yi ƙorafi ba. Allah Ya sa a kiyaye, amin.