Sauƙaƙa Rubutu: Alfarma ko Haƙƙi?

Akwai wata tambaya da muka daɗe muna kauce mata a ɗakunan karatu. Shin marubucin da ya tsaurara harshensa har mai karatu ya kasa cim ma manufarsa, gwaninta ya nuna, ko kuwa haƙƙin wani ya ci? Mu dai a ganinmu, na biyun ya fi kusa da gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, mai karatu ba ya zuwa hannu rabbana. Yakan zo da lokacinsa, da kuɗinsa, da kuma kyakkyawan zato. Idan ya karanta shafi sau uku bai gane ba, ba kasafai yakan zargi marubuci ba. Kansa yake zargi, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Ɗalibai nawa ne suka bar fagen nazarin adabi da wannan tabo a zuci, alhali laifin na alƙalaminmu ne?

Magabata ba su ɗauki sauƙi a matsayin ƙasƙanci ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta iya Larabci, ta kuma yi rubutu da shi, amma ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma tsara waƙoƙin da jajoji suka kai wa 'yan taru har ƙauyuka. Haka nan da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Abubakar Imam ya rubuta Hausar da za a karanta wa jama'a a bakin zaure, wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya fahimta.

Sai dai kuma sauƙaƙawa takan zama raini. Wanda ya zubar da rabin ma'ana wai don kada mai karatu ya wahala, ya yanke masa hukuncin gazawa tun bai gwada shi ba. Keɓaɓɓun kalmomi irin su jigo da salo da zubi ba ado ba ne, kayan aiki ne. Aibin shi ne a jefa wa ɗalibi kalma ba tare da an zauna an warware masa ita da misali ba.

Abin da ya fi ba mu kunya wani ne daban. Mun sha zama mu sauƙaƙa wata jimla tamu mai layi shida, da muka warware ta sai muka tarar ashe babu komai a cikinta, dole muka soke ta.