Gurbin Da Ya Rage A Da'irar Wazifa: Nasiha Kan Yanke Ƙauna Da Kashe Kai

Godiya ta tabbata ga Allah wanda rahamarSa ta yalwaci kowane abu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyai baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, idan an shimfiɗa farin ƙyalle an zauna wazifa, kowa ya san wanda ya saba zama a damansa da wanda ke hagunsa. To, idan gurbin wani ya yi kwana uku ba kowa, wa ke tashi ya je ya ga lafiya?

A wata zawiya tamu nan Matamaye, wani matashi ya daina zuwa wazifa bayan an koro shi daga Aljeriya. Ya dawo hannu rabbana, ga bashin kuɗin mota, ga gonar gado an jinginar. Muka ce ai kasala ce. Sai da wani dattijo ya bi shi gida bayan isha'i, ya zauna da shi a zaure, ya tambaye shi ƙarara: "Ɗana, ko zuciyarka tana raya maka ka kashe kanka?" Yaron ya fashe da kuka ya ce eh. Dattijon bai yi masa faɗa ba, bai kuma bar shi shi kaɗai a daren ba. Washegari aka kai shi asibiti, ƴan'uwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa aka rage bashin. Yau yana cikinmu, har ya yi iyali. Alhamdu lillahi.

Hukuncin Shari'a a sarari yake. Kashe kai haramun ne, yana cikin manyan zunubai. Rai amana ce, ba mallakar bawa ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah Ya hana mu kashe kawunanmu, kuma a nan take Ya rufe ayar da ambaton jinƙanSa gare mu. Ku lura da wannan sirri: hanin ma daga rahama ya fito. A Suratuz Zumar, aya ta 53, Ya kira waɗanda suka wuce iyaka a kan kawunansu da sunan bayinSa, Ya hana su ɗebe tsammani. Haka Annabi Yaƙubu, bayan kuka ya tafi da ganinsa, ya hori ƴaƴansa kada su yanke ƙauna. Ashe baƙin ciki ba ya kore imani, tunda Annabin Allah ma ya yi shi.

Duk da girman laifin, ba mu da hurumin yanke wa kowa wuta. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi. Ciwo ya tsananta masa, ya kasa jurewa, ya raunata hannuwansa har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Da aka ba Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, labari, sai ya roƙa wa hannuwan gafara su ma. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka tafi a kan cewa Musulmi ne, a yi masa wanka, a yi masa salla. Kada a ƙara wa iyalansa ciwo da gori ko ƙauracewa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma sama da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A ƙididdigarta ta 2019, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali na duniya 9 ne. Don haka maganar cewa wannan ciwon Turawa ne ba ta da tushe. Mu dai muna rufawa ne saboda kunya.

Mun kuma san nauyin da ke kan mutanenmu. Ba mu manta watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, kuma galibinsu daga wannan yanki namu na Kantche. Talaucin da ya fitar da su yana nan tare da mu. Ga bashi, ga damina mai gardama, ga yarinyar da aka yi wa auren dole, ga maijego da zuciyarta ta ƙuntata bayan haihuwa, ga matashin da ƙwaya ta kama, ga mai doguwar jinya. Wanda kuwa ya taɓa gwadawa sau ɗaya, shi ya fi kowa bukatar a sa masa ido.

Masu tarbiyya suna maganar ƙabdu da basɗu, wato ƙuntatar zuciya da buɗewarta, halaye biyu da ke jujjuya wa muridi kamar dare da rana. Amma a rarrabe, ƴan'uwa. Akwai ƙuncin da zikiri da zama da salihai ke yaye shi da izinin Allah, akwai kuma ciwon damuwa wanda cuta ce kamar hawan jini: mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, yana ganin kansa kaya ne a wuyan mutane. Wannan a yi masa addu'a, a kuma kai shi likita, ko asibitin Matamaye ko babban asibitin Damagaram. Annabi ya yi umarni da neman magani, kuma riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ɗan'uwa ya janye daga jama'a, ya fara rabar da kayansa, yana neman gafara kamar mai bankwana, ko yana cewa gara ya huta, kada a ce wasa yake. A tambaye shi kai tsaye. Tambaya ba ta cusa wa mutum wannan tunani, sauƙi ma take kawo masa. A saurare shi kafin a yi masa wa'azi. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a yi masa alkawarin rufe zancen, domin a nan karin maganar da ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ba ta aiki.

Sannan a nisanta masa abin cutarwa. Sau da yawa wannan tunani guguwa ce ta ɗan lokaci, idan ta wuce mutum ya dawo hayyacinsa. Tsibirin Siri Lanka ya ga haka: da gwamnati ta hana magungunan ƙwari mafi dafi, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Mu manoma ne. Maganin feshi da na ajiyar wake a kulle su nesa da ɗakin kwana, makulli a hannun babba, a riƙa sayen daidai bukata.

Ya kai ɗan'uwa, ya ke ƴar'uwa, da kike karanta wannan zuciyarki a cike: shaiɗan ne ke raɗa maka cewa ƙofa ta rufe. Komai nisan dare gari zai waye. Kada ka kwana da wannan nauyi kai kaɗai. Faɗa wa muƙaddaminka, ko mahaifiyarka, ko ma'aikacin lafiya, yau ɗin nan.

Ku kuma muƙaddamai da zakirai da malamai mata, cikin sharuɗɗan ɗariƙarmu akwai barin yanke zumunci. Ku riƙa ƙirga ƴan'uwa kamar yadda kuke ƙirga carbi. Ranar Juma'a bayan hailala, a tambaya wa ba a gani ba, a wakilta wanda zai je.

Ya Allah, don alfarmar MasoyinKa, Ka yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ka biya wa masu bashi, Ka ba marasa lafiya lafiya, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, Ka sa mu cika da imani. Amin.