BITRUS DA YAHUZA: TUBA KO DA-NA-SANI?



Manzanni biyu na Ubangijinmu suka faɗi cikin zunubi a dare ɗaya. Bitrus ya yi musun saninsa har sau 3, Yahuza Iskariyoti kuwa ya bashe shi a kan azurfa 30. Mun saba ɗauka cewa Bitrus ne ya ji zafin laifinsa, Yahuza kuwa zuciyarsa ta taurare. Amma idan muka karanta Matiyu sura 27 a tsanake, za mu ga ba haka ba ne. Yahuza ya yi nadama. Ya je gaban manyan firistoci da shugabannin jama'a, ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya shaida cewa wanda ya basar ba shi da laifi, ya kuma mayar da kuɗin. A ido, ya yi fiye da abin da yawancinmu ke yi kafin mu durƙusa gaban firist. Bitrus kuwa fita waje kawai ya yi yana kuka mai zafi.

To, ina bambancin? Yahuza ya kai zunubinsa wurin waɗanda suka saye shi, suka ce masa ba ruwansu. Daga nan bai nemi Yesu ba. Ya zama mai ƙarar kansa, ya zama alƙalin kansa, ya tafi ya rataye kansa. Hukuncinsa na ƙarshe dai yana hannun Allah. Shi kuwa Bitrus, Luka ya gaya mana cewa Ubangiji ya juya ya dube shi bayan zakara ya yi cara, kuma wannan duban ne ya jawo hawayensa. Kukansa na wanda ya ɓata wa masoyinsa rai ne. Shi ya sa bayan tashin Yesu daga matattu, a tekun Tibariya, da ya ji cewa Ubangiji ne ke tsaye a gaɓa, bai ɓuya ba, sai ya faɗa ruwa ya nufe shi.

Bulus Manzo ya bambanta waɗannan baƙin ciki iri biyu a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, sura 7: ɗaya na kai mutum ga ceto, ɗaya ga mutuwa. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Mai ita yana kukan sunansa da ya ɓaci, ko asirinsa da ya tonu. Ɗan kasuwar da aka kama da mudu mai lotsattsen gindi zai yi ta rantsuwa yana zubar da hawaye, amma mu tambaya: da ba a kama shi ba, zai yi kukan? Mu ma sai mu yi wa kanmu tambayar nan kafin mu je ikirari.

Kada wani ya karai don ya ga tubarsa gauraye take da tsoro. Majalisar Ikilisiya ta Tirent ta koyar a 1551 cewa nadamar da tsoron hukunci ko ganin munin zunubi ya haifa, ita ma baiwar Allah ce, tana kuma shirya mutum ya sami gafara cikin Sakramentin Tuba, muddin ya ƙudura barin zunubin, yana kuma sa zuciya ga jinƙan Allah. Ai ɗan nan da ya lalatar da gādonsa, yunwa ce ta fara tuna masa da gida, uban kuwa bai tsaya binciken dalilinsa ba kafin ya rungume shi. Ƙuduri da sa zuciya, su ne ma'aunin, kuma na biyun ne Yahuza ya rasa.

Ƙudurin kuma dole ya fito a aikace. Gafarar da firist ke furtawa tana kawar da zunubi, amma ba ta cika wa mai saye hatsin da aka tauye masa. Ɗan kasuwar nan sai ya sake mudu, ya nemi waɗanda ya cuta ya biya su gwargwadon ikonsa. Waɗanda ba zai iya samu ba, ya ba matalauta rabonsu.